Abin da Maza da Mata Ke Nema a Wasannin Duniyar Intanet: Ina Bambancin Yake, Kuma Nawa ne Girmansa?

Akwai maganar da ta daɗe a bakin masu buga wasannin kwamfuta har ta zama kamar hadda: wai namiji yana shiga wasa ne don ya ci nasara, mace kuwa don ta yi hira ta yi wa jarumarta kwalliya. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, kuma wannan ne ya sa take da wuyar tumɓukewa. Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta, amma an yi mata ƙari da yawa. Shekara sama da ashirin ke nan masu bincike suna auna wannan batu, da farko ta hanyar tambayar 'yan wasa, daga baya ta hanyar duba abin da suka aikata a zahiri. Abin da suka gano ya fi waccan haddar ban sha'awa nesa ba kusa ba.

Wasannin da ake magana a kansu su ne waɗanda aka fi sani da MMORPG, irin su EverQuest da ya fito a 1999, da World of Warcraft na 2004, da EVE Online, da Final Fantasy XIV. Dubban mutane ne ke shiga ƙagaggiyar duniya guda a lokaci ɗaya. Kowa yana ƙirƙirar jarumin da zai riƙa sarrafawa, ya zaɓa masa jinsi da kama da sana'ar yaƙi, sannan ya fara daga matakin ƙasa. Ana aikensa ya kashe dodanni ko ya samo wani abu, yana samun maki da ganima, yana hawa mataki. Duniyar ba ta tsayawa idan ka kashe kwamfutarka. Kasuwarta na ci, ƙungiyoyinta na shirya yaƙi, abokanka na wuce ka. A cikinta mutum zai iya shafe wata guda bai yi faɗa da kowa ba, yana kamun kifi ko ƙera sulke ko sayar da kaya. Wannan yalwar ce ta sa wasannin suka dace da irin wannan bincike: tunda kowa na da zaɓi, abin da ya zaɓa yana nuna abin da yake so.

Yadda aka fara auna abin da ke jan mutane

Richard Bartle, wanda shi da Roy Trubshaw suka gina wasan rubutu na farko irin wannan a Jami'ar Essex ta Ingila tun daga 1978, ya raba 'yan wasa gida huɗu a 1996: masu neman ci gaba, masu yawon gano wurare, masu son cuɗanya, da masu son murƙushe wasu. Rabon ya yi tashe, sai dai daga lura da gogewa ya fito, ba daga ƙididdiga ba, kuma yana cusa mutum cikin akwati guda.

Wani mai bincike, Nick Yee, shi ne ya bi ta hanyar lissafi. Ya tara amsoshin wajen 'yan wasa 3,000, ya fitar da sakamakon a 2006. Ya samu cewa abubuwan da ke jan mutane guda goma ne, kuma sun taru a rukuni uku. Rukunin cin nasara ya ƙunshi hawa mataki da tara dukiya, da nazarin lissafin da ke ƙarƙashin wasan, da gasa da wasu. Rukunin zumunci ya ƙunshi hira da taimakon juna, da ƙulla dangantaka mai zurfi, da aikin haɗin gwiwa. Rukunin nutsewa cikin duniyar ya ƙunshi gano ɓoyayyun wurare, da shiga rigar jarumi ana magana da yawunsa, da gyara kamanninsa, da neman mafaka daga damuwar rayuwa. Muhimmin abin da ya gano shi ne waɗannan ba sa korar juna. Mutum ɗaya zai iya zama mayen gasa kuma mai son zumunci a lokaci guda. Duk wanda ya ce mace ko dai mai hira ce ko mai gasa, tun daga nan ya yi tuntuɓe.

Da aka raba amsoshin ta jinsi, maza sun fi mata maki a dukkan rassa uku na cin nasara. Mata sun fi maza maki a reshen dangantaka mai zurfi. Amma a reshen hira da cuɗanya ta yau da kullum ba a ga wani bambancin kirki ba. Nan ne ya kamata a tsaya a lura. Maza na hira a wasa kamar yadda mata ke yi, suna raha, suna shiga ƙungiya, suna taimakon sabbin shiga. Inda aka rabu shi ne abin da ake nema a cikin hirar. Mata, a matsakaici, sun fi ba da muhimmanci ga abotar da za a iya faɗin damuwar zuci a cikinta, wadda za a tambaye ka lafiya idan an kwana biyu ba a gan ka ba. Don haka cewa mata sun fi son zumunci magana ce da aka yanke wa rabi.

Girman tazarar

Kalmar "a matsakaici" ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a wannan muhawara. Masana halayyar ɗan Adam na auna tazarar rukuni biyu da wani ma'auni da Jacob Cohen ya tsara: 0.2 ƙaramin bambanci ne, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Bambancin tsawon jiki tsakanin maza da mata ya kai wajen 2 a wannan ma'auni, shi ya sa ido ke ganinsa ba sai an auna ba. Bambance-bambancen abin da ke jan mutum ga wasa yawanci suna faɗawa ne tsakanin ƙarami da matsakaici.

Ga ma'anar hakan a aikace. A ce tazarar son gasa ta kai 0.5. Idan ka ɗauko namiji ɗaya da mace ɗaya ba tare da zaɓe ba, sau 64 cikin 100 namijin ne zai fi son gasa. Sau 36 macen ce za ta fi shi. Idan tazarar 0.2 ce, lissafin ya koma 56 da 44, wanda bai yi wa jefa kwabo nisa ba. Wato sanin jinsin ɗan wasa yana ba ka ɗan haske kaɗan ne a kan abin da yake so, kuma wanda ya dogara da shi zai yi kuskure sau ɗaya cikin uku ko fiye. Masaniyar halayyar ɗan Adam Janet Hyde ta nuna a 2005 cewa haka lamarin yake a mafi yawan halayen da aka auna tsakanin jinsin biyu, ba a wasa kaɗai ba.

Sai kuma shekaru. Yee da kansa ya lura cewa shekarun mutum sun fi jinsinsa bayyana yadda yake son cin nasara. Wannan na da nauyi saboda a binciken farkon shekarun 2000 matan da ke buga waɗannan wasanni sun girmi mazan: matsakaicin shekarun maza wajen 25 ko 26, na mata ya haura 30. Samari 'yan makaranta sun cika ɓangaren maza, ɓangaren mata kuwa manya ne masu aiki ko iyali. Idan ka kwatanta saurayi ɗan shekara 17 da mace 'yar shekara 35 ka ga ya fi ta zafin gasa, ba ka san ko jinsi ka auna ba ko ƙuruciya. Kamfanin bincike na Quantic Foundry, wanda Yee da Nicolas Ducheneaut suka kafa a 2015, ya tattara amsoshin dubban ɗaruruwan 'yan wasa, ya ga cewa son gasa shi ne ya fi kowane buri saurin dusashewa yayin da mutum ke manyanta. Tazarar maza da mata a nan tana da faɗi a tsakanin matasa, tana raguwa a hankali, bayan shekara 45 kuma kusan ta ɓace.

A bayanan wannan kamfani, da aka duba burin da ya fi ƙarfi a zuciyar kowane mutum, wanda ya fi yawa a maza shi ne gasa, sai son fashe-fashe da rugurguza abubuwa. A mata kuwa kammalawa ce a gaba, wato gama kowane aike da tara kowane abin tarawa, sai son zama wani a wata duniya. Bayanan sun shafi kowane irin wasa ne, ba waɗannan kaɗai ba, amma abu biyu sun fito fili. Na ɗaya, gasar da ta zo ta farko a maza ba ta wuce kusan namiji ɗaya cikin bakwai ba. Sauran shidan wani abu dabam ne ya fi jan su. Na biyu, kammalawa kanta reshe ce ta cin nasara. Wadda ta shafe wata shida tana komawa kogon dodanni guda duk mako don wata dabbar hawa da ba kasafai ake samunta a ganima ba, ba hira ta kawo ta ba. Nasara take nema, sai dai nasarar da ba sai an kayar da wani ake samunta ba. Ina ganin wannan ne bambancin da ya fi kowanne inganci a cikin duk abin da aka auna: ba tsakanin mai son nasara da marar so ba, tsakanin nasara a kan mutane da nasara a kan wasan kansa.

Lokacin da aka daina tambaya aka duba rajista

Takardar tambayoyi na da rauni guda babba: mutum na faɗin abin da yake zaton shi ne, ko abin da yake ganin ya dace da irinsa. Shi ya sa binciken da Dmitri Williams da Mia Consalvo da Scott Caplan da Yee suka fitar a 2009 ya zama abin kafa hujja. Kamfanin da ke da EverQuest II ya ba su bayanan da na'urorinsa ke ajiyewa, suka haɗa da amsoshin mutum wajen 7,000. Mata kusan kashi 20 cikin ɗari ne. Amma su ne suka fi daɗewa a wasan: kimanin awa 29 a mako, maza kuwa kimanin awa 25. Su ne kuma suka fi cewa ba su da niyyar barinsa. Da aka tambayi kowa awa nawa yake yi, duka sun rage, sai dai maza sun rage kimanin awa ɗaya, mata kimanin uku.

Wannan ragin awa uku abin dubawa ne. Idan mace na rage lokacin da take yi a wasa saboda al'umma na ganin ba aikinta ba ne, me zai hana ta rage yadda take son gasa idan aka tambaye ta? Haka ma namijin da aka tambaya ko yana faɗa wa abokan wasansa damuwarsa. Zai iya cewa a'a alhali yana yi. Saboda haka akwai yiwuwar wani ɓangare na tazarar da takardun tambayoyi ke nunawa tazarar abin da aka yarda a faɗa ce.

Batun ƙwarewa ma an duba shi. Cuihua Shen da abokan aikinta sun bi sawun 'yan wasa sama da 10,000 a EverQuest II da wani wasa na ƙasar Sin mai suna Chevaliers' Romance III, suka fitar da sakamako a 2016. Idan aka kalli matakin da mutane suka kai kawai, za a iya zaton maza sun fi. Amma da suka daidaita lissafin da yawan lokacin da aka yi ana wasa, da irin jarumin da aka zaɓa, da kasancewa cikin ƙungiya, sai suka ga mata na hawa mataki da sauri daidai da maza.

Labarin mai warkarwa

Don a fahimci wannan sai an san yadda ake shirya tawaga. A World of Warcraft, mutum biyar ne ke shiga kogon dodanni: mai garkuwa ɗaya da ke jan hankalin dodo yana shan duka, mai warkarwa ɗaya da ke mayar wa mutane lafiya, da mahara uku masu kai sara. A Final Fantasy XIV ƙaramar tawaga mutum huɗu ce, babba takwas: masu garkuwa biyu, masu warkarwa biyu, mahara huɗu. Kusan kowa a cikin waɗannan wasanni ya yi imani cewa mata sun fi son warkarwa, don wai tausayi da kula da mutane halinsu ne.

A 2011 Yee da Ducheneaut da abokan aikinsu suka gwada wannan da bayanan 'yan World of Warcraft sama da dubu. Sun auna yawan warkarwar da kowane jarumi ya yi idan aka kwatanta da yawan ɓarnar da ya yi wa abokan gaba. Jinsin mutumin da ke zaune gaban kwamfuta bai kawo bambanci ba. Jinsin jarumin da ke kan allo ne ya kawo: jarumai mata sun fi warkarwa. Da yake maza sun fi yawa a wasan, kuma da yawansu na sarrafa jarumai mata, sai ya zama maza ne ke shiga rigar mace su yi abin da suke zaton mace ke yi, sauran mutane kuma su gani su ce ai ga shaida. Zato ya haifi hali, halin ya dawo ya tabbatar da zaton.

Sauya jinsin ba ƙaramin abu ba ne. A wani bincike na 2014 da Rosa Mikeal Martey ta jagoranta a kan 'yan wasa 375, kashi 23 na maza sun zaɓi jaruma mace, kashi 7 na mata suka zaɓi jarumi namiji. Mazan da suka sauya sun fi zaɓen kyakkyawar kama, sun kuma ƙara yawan kalaman nuna motsin rai a rubutunsu, amma tafiyarsu ta tona su: sun fi matan gaske yawan tsalle-tsalle da ja da baya da tsayawa nesa da tawaga. Darasin aiki a nan shi ne duk ƙididdigar da aka gina a kan jinsin jarumi, ba na mai shi ba, ba ta gaya maka komai game da mata.

Wannan ba ya nufin ba a samun mata da yawa a kujerar warkarwa a wasu ƙungiyoyi. Ana samu, kuma hanyar shigowa na bayyana wani ɓangare na dalilin. A binciken Yee na farko, kusan kashi 60 na mata suna wasa ne tare da miji ko masoyi, a maza kuwa kusan kashi 16. Wanda ya riga shiga ya riga ya zaɓi mai garkuwa ko mahari. Idan ya jawo wani, sai ya ce masa ya ɗauki abin da tawaga ta rasa, abin da ake yawan rasawa kuwa mai warkarwa ne. Bayan wata uku jarumin ya yi nisa, an tara masa kaya, komawa farko ya zama asara. Ko ƙanensa ya jawo haka za ta faru. Zaɓin farko ba nata ba ne, amma a ƙididdiga zai fito kamar son ranta.

A gefe guda, ya kamata a daina ɗaukar warkarwa aikin sanyi. Mai warkarwa a babban farmaki, inda tawaga mai yawa ke haɗuwa a kan manyan dodanni, yana kallon lafiyar mutum ashirin, yana lissafin ƙarfin sihirin da ya rage masa, yana haddace daƙiƙar da dodo zai saki babban hari don ya tanadi maganinsa, kuma shi ake fara zargi idan aka mutu.

Kuɗin shiga gasa ba ɗaya ba ne

Manyan abubuwan gasa a waɗannan wasanni, farmakin gayya mafi wuya da karawa tsakanin 'yan wasa, suna buƙatar magana da murya. Babu lokacin rubutu idan dodo ya ɗaga hannu. Murya kuwa tana bayyana jinsi nan take. Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose sun gwada wannan a 2013 a wasan harbi na Halo 3: sun kunna kalamai iri ɗaya da aka naɗa, wani lokaci da muryar namiji, wani lokaci da ta mace. Muryar macen ta jawo baƙaƙen maganganu kusan ninki uku. Wasan harbi ne, al'adarsa ta fi zafi, amma abin da ya nuna ya shafi duk inda ake buɗe makirfo a gaban baƙi.

Saboda haka mata da yawa kan rufe makirfo, ko su zaɓi sunan da ba ya nuna jinsi, ko su tsaya cikin ƙungiyar da suka amince da ita. Kowanne daga cikin waɗannan yana rage damar shiga fagen gasa. Idan mai bincike ya zo ya ƙirga ya ga mata kaɗan ne a can, abin da ya gani haɗin abu biyu ne: yadda ake son abin, da abin da ake biya kafin a same shi. Wannan kuma yana ba da wata fassara ga fifikon da mata ke ba dangantaka mai zurfi. Wanda baƙi suka saba yi wa wulaƙanci dole amintattun abokai su yi masa daraja fiye da wanda ke shiga ko'ina ba fargaba. T. L. Taylor, wadda ta daɗe tana nazarin 'yan EverQuest daga ciki, ta nuna cewa matan da ta zauna da su suna jin daɗin gwaninta da matsayi da faɗa da yawon gano wurare, ba zumunci kaɗai ba, kuma sau da yawa suna wasan ne duk da yadda aka zana jarumai mata da sulken da bai rufe komai ba, ba saboda shi ba.

Wasa ya bambanta da wasa

Da a ce jinsi ne kaɗai ke yanke hukunci, da kason mata ya zama kusan ɗaya a duk wasannin da ke da tsari iri guda. Ba haka yake ba. A bayanan da Quantic Foundry ya fitar a 2017, mata kashi 36 ne na masu buga wasannin da aka gina a duniyar sihiri da takubba, amma kashi 16 a waɗanda aka gina a sararin samaniya. A cikin rukunin ma akwai saɓani: World of Warcraft na da kashi 23, ƙasa da 'yan'uwansa na sihiri da takubba, Star Wars: The Old Republic kuwa, wanda ke rukunin sararin samaniya, na da kashi 29, kusan ninki biyu na rukuninsa, kuma wasa ne da ya ba labari da abokan tafiya da zaɓin tattaunawa muhimmanci. A can ƙarshe akwai EVE Online na kamfanin CCP da ke ƙasar Aisland, inda maza suka haura kashi 90. A EVE jirginka na sararin samaniya ne fuskarka a mafi yawan lokaci, ana iya tarwatsa shi ka yi asararsa har abada, kuma dokar wasan ta halatta yaudara da cin amana.

Tsari na sauya wanda zai zauna. Ultima Online ya fito a 1997 da duniyar da kowa zai iya kashe kowa ya kwashe kayansa. A 2000 aka ƙara wata duniya ta biyu mai suna Trammel inda ba a kai wa mutum hari sai da yardarsa, sai akasarin jama'a suka koma can. Mafi yawan waɗanda suka yi ƙauran maza ne, tunda su suka fi yawa a wasan. Haka da World of Warcraft ya kawo damar sauya kamannin sulke ba tare da rasa ƙarfinsa ba a ƙarshen 2011, abin da ake yi wa kallon kwalliyar mata, sai ga mutane na kowane jinsi suna komawa tsofaffin koguna neman hula da takalmin da suka dace da juna.

Kuskuren da masu ƙera wasa ke yawan yi shi ne su ce za su jawo mata, sai su sauƙaƙa wasan su ƙara launuka masu taushi da 'yan dabbobi. Wannan na faɗuwa saboda bai taɓa ainihin cikas ɗin ba, kuma yana raina matan da suka riga suka zo don wahalar wasan. Abin da ya fi aiki shi ne a buɗe hanyoyin ci gaba da yawa masu daraja ɗaya, yadda maƙeri da mai tara abubuwa da mai gina gida za su sami abin nunawa kamar mayaƙi. A ba da zaɓin sutura daga mai rufe jiki zuwa mai ado ga jarumai na kowane jinsi. A kuma sa toshe mai zagi da kai ƙararsa su zama abu na dannawa biyu, tare da hukuncin da ake gani. Final Fantasy XIV, wanda Naoki Yoshida ya jagoranci sake gina shi aka buɗe a 2013, yana sa wa sabon shiga alamar tsiro kusa da sunansa don a yi masa uzuri, kuma bayan an gama kogo kowa na iya ba wa baƙo ɗaya yabo. Ƙananan abubuwa ne, amma suna rage tsadar kuskure a gaban mutane, wanda ke korar sabbin shiga maza da mata.

Ga mai jagorantar ƙungiya, lamarin ya fi sauƙi. Ƙungiyoyi sun fi wargajewa a kan saɓanin buri, ba a kan jinsi ba: rabin mutane na son a kayar da dodo a makon farko, rabi na son a yi dare ana raha, kuma ba wanda ya faɗi haka tun farko. Maganinsa a tambayi duk mai shigowa abu uku kafin a ba shi gurbi: wane aiki yake so ya riƙe, dare nawa a mako zai iya bayarwa, kuma me zai sa ya ji makon ya yi kyau. A bar sabon shiga ya gwada garkuwa da warkarwa da hari a ƙananan koguna kafin ya tsaya a kan ɗaya, musamman idan wani ne ya kawo shi. A rubuta ƙa'idar rabon ganima kafin a shiga farmaki, domin idan babu ita, duk ranar da mace ta sami kaya mai kyau za a sami mai cewa alfarma aka yi mata, ranar da ta rasa kuma ba ta da abin kafa hujja. A farmakin da sauraro ya wadatar, kada a tilasta wa kowa buɗe makirfo. Mai ba da umarni da masu garkuwa ne ke buƙatar magana, sauran kunne ya ishe su. Idan kuma wani ya yi wa 'yar ƙungiya maganar banza, jagora ya tsawata a take a gaban waɗanda suka ji, domin idan aka bari sai bayan an tashi a yi masa magana a keɓe, abin da sauran suka gani shi ne an yi shiru.